Allurar da ke daskarewa a cikin jiki, da zafin Zariya

Duk bayan mako huɗu ƙanwata takan taso da 'yarta daga wani ƙauye da ke bayan Giwa, su kwana a gidana a Tudun Wada, da safe mu tafi a yi wa yarinyar allura. Shekararta 11. Ciwon maƙogwaro ta yi tana ƙarama, irin wanda muke cewa zai tafi da kansa, ba ta samu maganin da ya dace ba, daga baya ya taɓa mata ƙofofin zuciya. Likita ya ce sai ta riƙa karɓar allurar fenisilin mai daɗewa a jiki duk wata, aƙalla na shekara 10, don kada ciwon ya dawo ya ƙarasa ɓarnar da ya fara. Allurar fara ce kamar madara, ga kauri, har takan toshe bakin ƙarfen idan nas ta ɗan yi jinkiri, sai an sauya an sake sokawa. Tun daga bakin ƙofa yarinyar takan riƙe hannun rigata ta ce, "Kawu, ka ce mata ta yi a hankali." Idan an gama, sai ta yi kwana biyu tana ɗingishi.

Bara da damina sau biyu ba su zo ba. Karon farko ruwa ya cinye hanya, karo na biyu kuɗin mota ne babu, don an zuba komai a taki. Na buga waya ina faɗa, ƙanwata ta ce, "Yaya, wallahi ba ƙi na yi ba." Na kuwa san ba ƙi ta yi ba.

Wannan ne ya sa batun wani nau'in magani da ake ta bincike a kansa a duniya ya tsaya mini a rai. Masana na kiransa haidirojel, ni dai jel zan riƙa cewa. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin irinsa ko da bai san sunan ba. Idan aka yi farfesun ƙafar sa aka bar shi ya kwana cikin hunturu, da safe za ka tarar romon ya daskare yana rawa a tukunya, har ana yankarsa da cokali. Kusan dukkansa ruwa ne, amma ba ya zuba, saboda wasu dogayen zaruruwa da suka fito daga fata da jijiyar san sun sarƙe da juna kamar komar masunta, sun riƙe ruwan a tsakaninsu. Garin nan da ke cikin famfas ɗin jarirai, wanda ke shanye fitsari ya kumbura, shi ma ɗan gidan ne. A 1960 ne masana biyu na ƙasar Cekosulobakiya, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka nuna cewa ana iya ƙera irin wannan abu a ɗakin bincike, ya kuma zauna lafiya da naman jikin mutum. Daga nan aka samu tabarau mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Na farko-farkon ma a gidansa Wichterle ya yi su a ƙarshen 1961, da wata na'ura da ya harhaɗa daga kayan wasan yara.

Abin da aka ƙaro daga baya shi ne a sa jel ɗin ya bi ta bakin allura. A cikin sirinji ruwa ne, ko mai ɗan kauri; yana shiga jiki sai ya kama kansa, ya zama ɗan curi a inda aka ajiye shi, da magani a cikinsa. Daga nan maganin ya riƙa fitowa ta ramukan komar kaɗan-kaɗan, kamar yadda sabuwar randa ke tsatsafar da ruwa, shi kuma curin yana narkewa a hankali har jiki ya shanye shi ya fitar. Ba a tsaga mutum ba, ba a yi ɗinki ba, ba sai an dawo an ciro wani abu ba. Kuma maganin yana nan a gindin ciwon, maimakon ya zagaye jiki duka yana wahalar da hanta da ƙoda kafin ɗan kaɗan ya isa inda ake nema.

Wasu daga cikin irin waɗannan sun riga sun bar ɗakin bincike. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Jelmyto, wanda ake amfani da shi a kan wani nau'in ciwon daji da ke kama bangon hanyar fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Matsalar wurin ita ce duk maganin da aka zuba, fitsari na wanke shi nan take, shi ya sa sau da yawa sai dai a cire ƙodar gaba ɗaya. Shi wannan ana tura shi ta siririn bututu yana ruwa, ɗumin jiki ya daskarar da shi, ya lafe a jikin ciwon na awa 4 zuwa 6 kafin fitsari ya narkar da shi, sau ɗaya a mako har mako shida. Akwai kuma SpaceOAR da aka amince da shi a 2015, wanda shi ba ya ɗauke da magani ko kaɗan. Idan za a ƙona ciwon dajin furostet, wato ƙullin naman nan na maza da ke ƙasan mafitsara, da hasken na'ura, sai a tura shi tsakanin furostet ɗin da dubura, ya ture duburar gefe kamar da santimita ɗaya don kada hasken ya ƙone ta, bayan kamar wata shida jiki ya shanye shi. Duk wanda ya taɓa jinyar dattijo a sashen masu ciwon daji na asibitin koyarwa da ke Shika ya san darajar wannan santimita ɗaya. Allurar da ake yi wa masu ciwon gwiwa don ta maye gurbin ruwan gaɓa ita ma daga wannan dangi take. Sinadarinta, hayaluronik, da can daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu galibi ƙwayoyin bakteriya ake kiwo su samar da shi.

Ba na so in yaudari kowa, balle ƙanwata. Jel ɗin da zai riƙe fenisilin wata uku ko shida a jikin 'yarta bai iso kanti ba. Dalilin ma a fili yake: ramukan komar suna da faɗi, magani mai ƙananan ƙwayoyi da ke narkewa a ruwa yakan sulale ya fice cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Manyan magunguna irin na furotin su ne suka fi zama. Shi ya sa masu bincike kan fara ƙunshe ƙaramin maganin a cikin wasu 'yan ƙwayoyi, sannan su cusa ƙwayoyin a jel. Ga kuma wata matsala da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya, wato maganin da ke saman curin yakan fito da yawa a tashin farko, kafin sauran ya daidaita. Idan insulin ne ko maganin kashe zafi mai ƙarfi, wannan fitowar ta farko kaɗai tana iya kwantar da mutum.

Duk da haka ra'ayina shi ne wannan fasaha ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta. Mutumin Landan da aka rage wa zuwa asibiti daga sau 12 a shekara zuwa sau biyu, sauƙi ya samu. Mutumin Giwa ko Soba ko Kauru kuwa, bambancin da ke tsakanin sau 12 da sau biyu shi ne bambancin gama magani da yanke shi a tsakiya. Ciwonmu ba rashin magani kaɗai ba ne. Nisa ne, da kuɗin mota, da damina, da kuma ɗabi'ar nan ta ajiye ƙwaya da zarar jiki ya yi sauƙi. Mai tarin fuka wata shida ake so ya yi yana sha kullum. Mai taɓin hankali, mai hawan jini, mai ciwon suga, duk maganinsu na naci ne. Kuma mun riga mun ga yadda mutanenmu ke karɓar magani mai zama a jiki: allurar tazarar haihuwa ta wata uku, duk da cewa ita ba jel ba ce, ta shiga ƙauyukan da ƙwayar kullum ta kasa zama.

Na san wani zai ce, asibitin da babu safar hannu da wuta, shi ake kawo wa zancen jel? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban ce a bar gyaran asibitin karkara ba. Amma asibitin da ba shi da ma'aikata isassu ai shi ya fi buƙatar maganin da zai rage layi.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Da yawa daga cikin jel ɗin da ake ji da su, irin wanda ake haɗawa da sinadarin foloksama, dabararsu ita ce su kasance ruwa a cikin sanyi, su daskare idan suka ji ɗumin jikin mutum, wato digiri 37. Akasin romon ƙafar sa ke nan. Wasu haɗe-haɗen ma tun wajen digiri 25 suke fara kamawa. Jelmyto da na ambata sai an tsoma shi a ruwan ƙanƙara na wasu mintoci kafin ya tsinke a iya tura shi. To a Zariya, a watan Maris da Afrilu, ma'aunin zafi kan kai 38, wani lokaci ya taɓa 40, a inuwa ma ke nan. Shagon da aka rufe da kwano, ko bayan motar da ta taso daga Legas da kwalaye, sun wuce haka nesa. Ma'ana, ɗakinmu ya fi jikinmu zafi. Abin da aka tsara ya daskare a cikin tsoka, a wurinmu tun a cikin sirinji zai daskare. A babban asibiti mai janareta da firji ana iya shawo kan wannan. A ƙaramin asibitin ƙauyen ƙanwata, inda firjin rigakafi ɗaya ne tal, kuma idan batirin solarsa ya mutu sai an yi watanni, ba zai yiwu ba. Ga shi kuwa can ne aka fi buƙatarsa.

Alhali ba ɗumi kaɗai ne hanyar daskarar da jel ba. Akwai wanda tun asali a daskare yake, matsi ne ke tsinka shi. Ku dubi kindirmo a ƙwarya, a kame yake har sai an sa maburgi. Bambancin kawai shi ne wannan jel ɗin idan ya fita daga matsin allura sai ya koma ya kame kamar ba a taɓa shi ba. Akwai kuma wanda ake zuba ruwa iri biyu a sirinji mai baki biyu, ba sa daskarewa sai sun haɗu a cikin jiki, kamar yadda aljinet, da ake samu daga ciyawar teku, ke kamewa da zarar ya gamu da sinadarin kalsiyam. Waɗannan ba su dogara da ɗumin jiki ba. Har ma jel na iya zama garkuwa daga zafin: a 2024 masu bincike a jami'o'in Gilasgo da Mancesta a Birtaniya sun nuna wani jel da ke riƙe magungunan furotin ba su lalace ba ko da a digiri 50, a matsa sirinji maganin ya fito, jel ɗin ya tsaya a matata. Ga mai ciwon suga da ke ajiye insulin ɗinsa a gindin randa, wannan labari ne babba. Amma kamfanin da kasuwarsa ke Turai da Amurka ba shi da dalilin sa zafin Afrilunmu a farkon lissafinsa. Mu ke da wannan dalili.

Idan kuwa akwai garin da ya kamata ya ɗauki wannan aiki a Arewa, Zariya ce. Ka taso daga Basawa, ga cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT. Ka shigo Samaru, ga Jami'ar Ahmadu Bello da tsangayar harhaɗa magunguna, da masu ilimin sinadarai da na folima, wato irin dogayen zaruruwan da ake ƙera jel da su, da asibitin dabbobi, ga kuma cibiyar fasahar fata, NILEST. Ka miƙe hanyar Funtuwa, ga asibitin koyarwa a Shika da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI. Duka a kan layi ɗaya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Masu ƙera jel, masu gwada shi a kan dabba, da likitocin da suka san ciwon da ke damun mutane, duk suna sallar Juma'a a masallatai ɗaya, suna cefane a kasuwar Samaru ɗaya. Ƙasashe da yawa kuɗi suke kashewa don su tara irin waɗannan mutane a wuri guda.

Kayan aikin ma ba duka ne sai an yo odarsu ba. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, ga mayankar Zango nan kusa. Sitacin rogo muna da shi. Ƙaro kuwa, Najeriya na cikin manyan masu samar da shi a duniya tare da Sudan da Cadi; daga Jigawa da Yobe da Borno ake lodinsa ɗanye a fitar, a tace a waje, a dawo mana da shi cikin lemon kwalba da ƙwayar magani. A jami'o'in ƙasar nan an sha rubuta kundin digiri a kan ƙaro da yauƙin kuɓewa da makamantansu a matsayin abin ɗaure ƙwayar magani, sai dai yawanci daga an ci jarrabawa kundin ya shiga kabad. Abin da nake so in gani shi ne asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ko gwamnatocin jihohin Arewa su ɗauki matsala ɗaya tak, su ba ta shekara biyar da kuɗin da ba ya yankewa, su kuma ɗaura sharaɗin cewa sai waɗannan cibiyoyi sun yi aikin tare.

Sai dai abin da ake ci daban, abin da ake sokawa a tsoka daban. Ƙaron da ke lafiya a ciki yana iya zama masifa a jini. A Yaƙin Duniya na Ɗaya wani masani ɗan Ingila, William Bayliss, ya kawo dabarar ɗura wa sojojin da suka zubar da jini ruwan gishiri da aka haɗa da ƙaro, an kuma yi amfani da ita sosai. Daga baya aka watsar, bayan an gano ƙaron yana taruwa a hanta. Mu kanmu mun ga abin da gurɓataccen sinadarin haɗi ke yi: tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara 84 suka rasu a ƙasar nan, har da na jihar Kaduna, saboda maganin haƙori na My Pikin da aka haɗa da sinadari mai guba. Don haka tacewa da gwajin tsabta su ne rabin aikin, kuma su ne suka fi cin kuɗi. Shi ya sa nake ganin a fara daga inda haɗarin bai kai na tsokar mutum ba: jel na shafawa a gyambon masu ciwon suga da ƙuna, sannan allurar dabbobi. Makiyayi ya daɗe da sanin amfanin allura mai daɗewa a jikin saniya, don ba kullum zai kamo ta ya kayar ba. Idan abu ya yi shekaru yana aiki a garke, an san halinsa a zafinmu, sai a matsa gaba.

Akwai abin da ya fi ba ni tsoro fiye da zafi, shi ne son allura da muke yi. Mutum ya je kemis da zazzaɓi, idan aka ba shi ƙwaya sai ya ga kamar an raina ciwonsa, "a dai yi mini allura". Mai shagon kuwa, wanda doka ba ta ba shi izinin soka wa kowa allura ba, sai ya ja labule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai mutanen da suka kai miliyan 1.7 sun kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar allura marar tsabta. Mun ga yaran da aka soke su a jijiyar ɗuwawu ƙafa ta shanye. To wannan fa allurar da ke ƙarewa a jiki cikin kwana ɗaya ke nan. Ƙwaya idan ba ta karɓe ka ba, ka daina sha. Curin da aka ajiye maka a tsoka da maganin wata uku, idan jikinka ya ƙi shi, ko aka ajiye shi a inda bai dace ba, fitar da shi sai an tsaga. A ƙasar Sin an yi shekaru ana ɗura wa mata wani jel da ba ya narkewa don ƙara girman ƙirji, dubbai suka shiga uku da kumburi da ruɓewa, sai a 2006 gwamnati ta haramta shi. Yanzu haka ana tallar allurar ƙara ƙugu da cika fuska a Instagram da TikTok da harshenmu, ana yi wa 'yan mata a ɗakunan da ba asibiti ba. Ya kamata NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna su ja layi tun kafin kayan su cika kasuwar Sabon Gari: duk allurar da ke zama a jiki, a asibiti kawai, da hannun wanda aka horar, da katin da ke nuna abin da aka sa, da ranar da aka sa.

Sannan a gaya wa mutane gaskiyar abin da ke ciki. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin annobar sanƙarau, a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004, cutar ta sake bazuwa. Ka zo wa uwa da allurar da za ta zauna a jikin ɗanta wata shida, dole ta tambaya, kuma tana da haƙƙin a amsa mata da Hausa, a zaune, ba a tsaye ba. Tambayar farko da za a yi a Zariya na san ta: da me aka yi shi? Jelatin da yawa a kasuwar duniya daga fatar alade ake samunsa. Malamai sun yi maganganu a kan hukuncin abin da ya rikiɗe ya bar asalinsa, wasu sun halatta, wasu sun tsaya. Maimakon a jira rigima ta tashi a kan mumbari, a zauna da su tun ana ɗakin bincike. Jelatin da aka yi daga fatar san da aka yanka a Zango kuwa ya kashe wannan magana tun daga tushe, kuma kasuwarsa ba za ta tsaya a Najeriya ba.

Gwajin farko da zan so a yi wa duk jel ɗin da aka ce an yi shi dominmu, na gida ne ko na waje, ba ya buƙatar na'urar miliyoyi. A cika sirinji 100, a ɗora su a bayan a-kori-kura daga Samaru zuwa wani ƙaramin asibiti a bayan Giwa, a ajiye su a kabad ɗin ɗakin da aka rufe da kwano daga farkon Maris zuwa saukar ruwan farko, babu firji. Sannan a dawo da su, a ba nas ɗin da ke yi wa 'yar ƙanwata allura ta matsa ta ji ko suna fita, a kai sauran ɗakin gwaji a auna ko maganin da ke ciki yana nan da ƙarfinsa.